Bidiyon waƙa da mutuncin baƙar fata

Ya Edita,

Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan yadda bidiyon waƙa ke nuna baƙar fata. Da tashar talabijin ta bidiyon waƙa, MTV, ta fara aiki a Amurka a 1981, da wuya ka ga baƙin mawaƙi a cikinta, sai da Michael Jackson ya fito da "Billie Jean" a 1983 ƙofa ta buɗe. Yau labari ya sha bamban. A bidiyon "Formation" na 2016, an nuna Beyoncé a kan motar 'yan sanda tana nutsewa a ruwa, don tuna wa duniya halin da baƙaƙen New Orleans suka shiga lokacin guguwar Katrina ta 2005. Kitso da faffaɗan hanci, abubuwan da aka daɗe ana yi wa gori, ta mayar da su abin tinƙaho.

Batun mata ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. A bidiyo da yawa namiji na tsaye cikin suturarsa tsaf, mata kuwa kyamara na bin jikinsu, ko tsayawa a fuska ba ta yi. Ka lura kuma, mai hasken fata ake turawa gaba, baƙa tana can baya. Ɗaliban Spelman, kwalejin mata baƙar fata da ke Atlanta a Amurka, sun yi tir da yadda ake nuna jikin mata a bidiyon waƙa tun 2004. Ina ganin maganin shi ne mata su riƙe kyamarar da kansu. "Formation" ɗin ma mace ce, Melina Matsoukas, ta ba da umarninsa.

Naka,
Mai karanta jaridarku