Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Malamin Da Ya Tambaye Ni Game Da Rancen Gida

Assalamu alaikum, Malam.

A taron ƙungiyarmu ta gama-kai ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni ko rangwamen da gwamnati ke yi wa masu neman mallakar gida taimako ne na gaskiya, ko kuwa zuga mutum ake yi ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfin wuyansa. Lokaci ya ƙure a ranar, shi ya sa na zaɓi in amsa maka a rubuce.

Amsata ita ce, galibin waɗannan tsare-tsare suna sauƙaƙa wa mutum shiga gidan ne, amma ba su damu da yadda zai iya zama a cikinsa ba. Ɗauki Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa duk wata dominsa. Bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, FMBN, yana ba da rance daga asusun a kan ruwa kashi 6 cikin 100 har tsawon shekara 30, kuma ko makaho ya shafa ya san wannan ya fi na bankunan kasuwanci sauƙi nesa ba kusa ba. To amma a yi lissafi. Wanda ya karɓi naira miliyan 15 zai riƙa biyan kimanin naira 90,000 kowane wata, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Idan kuwa za a bi ƙa'idar cewa biyan bashi kada ya wuce sulusin abin da mutum ke samu, sai mai ɗaukar naira 270,000 ne zai iya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne damar da hukumar fansho, PenCom, ta buɗe a 2022, wadda ta yarje wa ma'aikaci ya ciri har kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa ta fansho ya biya kafin alƙalami. A ido abin sha'awa ne, domin kafin alƙalamin nan ne ke tare yawancin mutane a bakin ƙofa. Sai dai kuɗin nasa ne, na ranar da ƙarfi zai ƙare, kuma cire su bai rage ko kwabo daga farashin gidan ba. Na san wani abokin aikina da ya karɓi gida mai ɗaki biyu a wani rukunin gidaje a bayan gari. Ranar da aka miƙa masa makulli har walima aka yi. Kafin shekara ta zagayo, ga sayen ruwa daga 'yan garuwa, ga kuɗin motar yara zuwa makaranta bayan cire tallafin mai a 2023, ga rufin da ke yoyo tun damina ta farko. A yanzu ya zuba 'yan haya, ya koma ɗakinsa na da a gidan gado, kuma kuɗin hayar ba sa cike abin da ake yanka daga albashinsa.

Ko a Ingila an ga irin haka da shirin Help to Buy da aka fara a 2013, inda gwamnati ta riƙa ranta wa mai saye kashi 20 cikin 100 na kuɗin sabon gida. A 2022 wani kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya ce shirin ya ƙara wa gidaje tsada a wuraren da aka fi buƙatarsa, domin idan kuɗi suka ƙaru a hannun masu saye, gidajen kuwa ba su ƙaru ba, mai gini ne ke kwashe garaɓasar.

Da za a ji ta tawa, da gwamnati ta karkata ga yanka filaye masu hanya da ruwa da wuta, ta sauƙaƙa samun takardar shaidar mallaka da amincewar gwamna da dokar filaye ta 1978 ta wajabta, sannan ta bar mutum ya yi gininsa sannu a hankali kamar yadda iyayenmu suka yi: bana bulo, baɗi linta, baɗin baɗaɗa kwano.

Kai kuma, Malam, kafin ka sa hannu a kowace takarda, ka zo mini da takardar albashinka da ta asusun fanshonka a taro mai zuwa, mu zauna mu buga lissafin tare.

Wassalam.