Zuwa ga Ɗanladi, a kan daren da Baba Dattijo ya ji tsoro

Ɗanladi nawa,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya aiki, yaya Fatakwal da ruwanta da ba ya ɗaukewa? Ina Maman Rahila da yara? Mu nan hunturu ya kankama, hazo ya rufe Dala, kafin tsakar rana kayan shagunan France Road sun yi furu-furu da ƙura. Kai da ko a watan Afrilu kake neman bargo, da kana nan da a bakin murhun mai shayi za mu riƙa nemo ka.

 Na zauna rubutu ne don maganar da ke cikina ba ta waya ba ce. Laraba ta ce ta gaya maka Baba Dattijo ya huta. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda kwana ukunsa na ƙarshe suka kasance, don ni na kwana da shi a asibiti kafin ɗansa Yaya Babba ya iso daga Legas. Mama, matarsa, ita ce ta ce in ba ka labarin, wai ai kai ma ɗansa ne.

A dare na biyu, wajen ƙarfe biyu, ɗakin ya yi tsit sai tarin wani tsoho can ƙurya. Sai na ji ya damƙi hannuna. Ya ce, "Istifanus, kana ganin zai karɓe ni?" Na ɗauka likita yake nufi, na ce ai da safe zai zagayo. Ya ce, "Ubangiji nake nufi."

Ɗanladi, jikina ya yi sanyi. Mutumin da ya koyar da mu ajin baftisma a gindin dogon yaron nan na bayan majami'a. Wanda ya sa muka haddace 1 Yohanna 5:13, yana buga benci yana cewa, "Ba a ce domin ku yi tsammani ba, domin ku sani aka ce!" Kai ne ma ka fi kowa shan ranƙwashi a kan ayar nan, kullum sai ka haɗa ta da ta Romawa. Shekara arba'in yana dattijon ikkilisiya, babu majinyacin da bai je wa addu'a ba daga Sabon Gari har Brigade, ga shi yana tambayata ni ko za a karɓe shi.

A daren ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. A shekarar farin nan, 1973, suna ƙauye, ƙyanda ta riga ta ɗauke masa yara biyu, sai ga na ukun ya kwanta. Baffansa, wanda bai taɓa barin tsafin gidansu ba, ya zo masa da jan zakara cikin dare. Baba ya ce ƙafarsa ce ta kai shi gindin tsamiyar, ba wanda ya ja shi. Kuma yaron ya tashi. Yaya Babba kenan. Bayan makonni kaɗan ya tsaya gaban ikkilisiya ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, aka sa shi horo wata shida, yana zama a bencin baya, ba ya cin jibin Ubangiji, sannan aka maido shi. Waɗanda suka san zancen duk sun mutu ko sun manta. Shi kuwa fiye da shekara hamsin Ibraniyawa 6 tana tsaye masa a maƙogwaro, inda ake maganar waɗanda suka ɗanɗana baiwar sama sannan suka fanɗare. Ya ce duk ran da ya dubi ɗansa sai ya yi murna, sai kuma wani abu ya soke shi.

Na jawo Littafi na fara buɗe masa. Yohanna 10, ba mai fizge su daga hannun Makiyayi. Romawa 8 daga aya 38, ko mutuwa ko rai ba su iya raba mu da ƙaunar Allah. 1 Yohanna 1:9, in mun furta zunubanmu zai gafarta mana. Na kawo masa Bitrus da ya yi musu sau uku a dare ɗaya amma aka ba shi kiwon tumaki. Duk ayar da na ɗauko, kafin in kai tsakiya ya ƙarasa mini ita da ka. Can ya ce, "Na sani, yaro. Ni na koya maka." Na rasa ta cewa, na riƙe hannunsa kawai.

Ka tuna labarin zuwansa Kano na farko? Yana yaro, tun kafin a samu 'yancin kai, ya jawo babansa makaho da sanda a ƙafa daga ƙauyensu na wajen Rogo har asibitin ido na mishan, wanda 'yan mishan na SIM suka buɗe a 1943, na ikkilisiyar ECWA a yanzu. A layin jiran magani ya fara jin bishara. Mun ji labarin nan har mun iya shi. To Mama tana kwance a tabarma ƙarƙashin gadon, na zata barci take. Ko tashi zaune ba ta yi ba, sai na ji muryarta: "Malam, da kake jan tsoho zuwa Kano, sau nawa sandar ta suɓuce masa?" Ya ce ba iyaka, hannunsa rawa yake. Ta ce, "Sau nawa ka wuce ka bar shi a hanya?"

Baba ya daɗe bai ce komai ba. Hawaye na gangarowa ta gefen ido zuwa kunnensa. Can ya ce a hankali, "Ni ɗan mutum ma kenan." Ya nemi ruwa, na ba shi da cokali, ya yi barci har gari ya waye. Matar da ko baƙi ba ta sani ba.

Kada ka ɗauka daga nan ya tashi yana haleluya. Washegari da yamma tsoron ya sake leƙo shi, na gani a idonsa. Amma wannan karon da kansa ya ɗauko addu'ar uban yaron nan na Markus 9:24, na ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyata, ya yi ta maimaitawa har ya lafa. Da asubar Alhamis, ana kiran salla a masallacin da ke bayan asibitin, ya cika. Abu na ƙarshe da na ji daga bakinsa sarai shi ne, "Ya san hanya."

Akwai wani bawan Allah da yake jinyar mahaifinsa a gadon kusa da mu, ɗan kasuwar Kantin Kwari. Kwana ukun nan shayinsa muka sha, shi ya kama mini Baba muka juya shi, shi ya fara yi mini ta'aziyya. Ya ce, "Allah ya sa mu cika da imani." Na ce amin har zuciyata. Ina ta tunanin wannan addu'ar. Ka san a kunnen Bahaushe, mutum ya ce "na tabbata na sami ceto" kamar cika baki ne. Da kunya aka raine mu, ko an tambaye ka yaya kasuwa ba ka wuce "da godiya". Ni ma na yi shekaru ina jin nauyin faɗarta a gaban mutane. Kuma da a kan aikina tabbacin ya tsaya, lalle girman kai ne, ya ma cancanci a yi mini dariya. Amma Afisawa 2:8-9 ta toshe wannan ƙofar, ta ce ta wurin alheri ne, baiwa ce, don kada kowa ya yi fahariya. Wanda aka yi wa kyautar riga ya ce an ba ni, ai mai kyautar yake yabo. In ya tsaya yana cewa wataƙila an ba ni, wataƙila ba a ba ni ba, ga rigar a wuyansa, wa ya ƙaryata?

Sabon fastonmu, wanda ba ka sani ba, yaro ne amma yana karatu, ya ba ni labarin Jon Wesli a mota muna komowa daga jana'iza. Ashe shi ma ya yi kusan shekara goma yana limamin coci, har Amurka ya je wa'azi ya komo Ingila bai da tabbacin kansa. Sai ran 24 ga Mayu 1738, a wani ƙaramin taro a Landan, ana karanta gabatarwar da Martin Luta ya rubuta wa littafin Romawa, ya ji zuciyarsa ta ɗumama. Na ji daɗin labarin, amma na ce wa fasto ya yi hankali da yadda zai kai shi bagade. Baba bai ce zuciyarsa ta ɗumama ba. Hannunsa sanyi ƙalau, yana rawa, kamar na tsohonsa. In muka koya wa mutane cewa tabbaci wani daɗi ne da ake ji a ƙirji, ran da zazzaɓi ya kama su ko bashi ya hana su barci sai su ce ceton ya tafi.

Shi ya sa raina ke ɓaci da masu wa'azin da suke kiwon tsoro. Na je wani kwanan addu'a a watan jiya, mutumin ya yi awa biyu yana lissafa abin da zai sa a goge sunanka daga littafin rai, har da makara wajen kawo zakka. Wata yarinya kusa da ni, wannan ne fitowarta gaba karo na huɗu a bana don karɓar Yesu. Wa zai gaya mata tun na farkon an ji ta? Kuma kafin ka ɗaga yatsa, na san abin da za ka ce, tun muna zumuntar matasa bakinka bai gaji da Yakubu 2 ba, inda aka ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce. Gaskiyarka. Wanda yake cewa ya sami ceto yana tauye mudu a kasuwa, ya binciki kansa. Sai dai irinsu barci suke har da minshari. Masu kwana ido biyu irin su Baba ne, kuma wanda ba ya ƙaunar Ubangiji ba zai yi shekara hamsin yana kukan ya ɓata masa rai ba.

Af, ka ji an sa ranar ƙanwar Laraba? Bayan Ista. Yaron ɗan ƙungiyar mawaƙan coci ne, mai ganga, wanda ka ce hannunsa ya fi bakinsa hankali. Zumuntar Mata har sun fitar da anko, Maman yara tana ta mita a kan kuɗin atamfa. Rufin ajin Lahadi kuma an gama, saura sili.

Ban manta abin da ka faɗa mini ba a tashar New Road bara, jakarka a kafaɗa, mota tana shirin tashi. Ka ce, "Ni yanzu ban sani ba ko har yanzu ina ciki." Na yi kamar hayaniya ta hana ni ji, don ban san me zan ce maka ba. Na ji, Ɗanladi. Ban san abin da ya faru da kai can ba, ba kuma sai ka faɗa mini ba, sai in kana so. Amma daren nan a asibiti, da Mama ta yi tambayarta, kai ne ka faɗo mini a rai, na yi maka addu'a a wurin da sunanka.

Mama ta ba ni Littafinsa, tsohon juyin nan na 1932 da ya ɗinke bangonsa da fatar akuya. Takardun Ibraniyawa sun yi baƙi da yatsa har sun fara yagewa. Ta ce mu biyu ya ambata, mu san yadda za mu yi da shi. Ni na ce ya zauna wurina har ka zo bikin, sannan ka tafi da shi, in ka yi shekara ka maido.

Ka buga mata waya, tana gidan Yaya Babba har ƙarshen wata. Da safe ka kira, da yamma kunnenta ba ya ji sosai. Kilishinka yana hannun direban da ka sani, zai taso ran Litinin, kada yara su riga ka zuwa tasha.

Naka,
Istifanus