Rahoton Ayyukan Shekara daga Ofishin Sakatare: Zaman Tarihi da Aikin Adana Takardun Ƙungiya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayen ƙungiya, mai girma Shugaba, 'yan kwamitin zartarwa, malamanmu da ke koyarwa a makarantu, 'yan uwa masu rubuta manhaja, masu gyara, da masu shagunan buga takardu, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Ga rahoton ofishin sakatare kamar yadda tsarin mulkinmu ya tanada. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana cikin takardar Ma'aji, don haka ba zan taɓa shi a nan ba.

Aikin da ya fi cin lokacinmu bana ba ya cikin jadawalin da muka tsara tun farko. Wani ɗalibi ne da ya zo neman katin zama ɗan ƙungiya ya tashi a taronmu na farkon shekara ya ce, "Malam, wa ya kafa ƙungiyar nan, kuma yaushe?" Dattawan da ke wurin kowa ya ba da tasa amsar, amsoshin kuwa ba su zo ɗaya ba. Ni kaina na duba kundin da na gada daga sakataren da ya gabace ni, ban samu takardar zaman farko ba. Abin ya tsaya mana a rai. Mu ne masu koya wa mutane yadda za su adana bayanansu, ga shi namu sun watse. Daga nan kwamiti ya yanke shawarar a ware rabin sa'a a kowane taron wata don karanta tarihin manyan ƙungiyoyin wannan sana'a tamu ta kwamfuta, a kuma fara tattara namu.

Da ACM, ƙungiyar masana kwamfuta ta Amurka, muka fara, kuma a kanta muka fi daɗewa, saboda tana cikin mafi tsufa a duniya. An kafa ta ranar 15 ga Satumba, 1947, a wani zama da aka yi a Jami'ar Kolumbiya da ke birnin Niyok. A lokacin shekara ɗaya da 'yan watanni ke nan da nuna wa duniya ENIAC, kwamfutar nan mai cika ɗaki guda da aka ƙera a Jami'ar Pensilbaniya. Babu jami'ar da ke ba da digiri a ilimin kwamfuta, sana'ar ma ba ta da suna tukuna. Masu lissafi ne da injiniyoyin lantarki da ma'aikatan gwamnati, kowa yana fama da na'urarsa a kusurwarsa, bai san wane ne ya riga shi warware matsalar da ke hana shi barci ba. Wanda ya ɗauki nauyin haɗa kansu shi ne Edmund Berkeley, mai lissafi a wani kamfanin inshora. Shi ya riƙa aika wasiƙu, shi ya zama sakatare na farko, John Curtiss kuma ya zama shugaba. Sunan da suka fara ɗauka ya taƙaita ƙungiyar ga gabashin Amurka, amma a 1948 suka cire kalmar gabas ɗin, da suka ga masu son shiga sun wuce wannan yanki.

Abin da ya ja hankalin 'yan uwa a zaman shi ne yadda ƙungiyar ta yi ta gina kanta a kan rubutu. A 1954 ta fara fitar da mujallar bincike, a 1958 ta ƙara da wata mujallar ta wata-wata wadda har yau ake bugawa. A 1966 ta fara ba da lambar yabo ta Turing, wadda Alan Perlis ya fara karɓa, kuma sai a 2006 mace ta farko, Frances Allen, ta samu. A 1968 ta fitar da tsarin manhajar karatu da ta ba jami'o'i shawara su bi wajen koyar da ilimin kwamfuta, kuma jami'o'i da yawa sun ɗora darussansu a kansa. Malamanmu na kwaleji sun yi ta tattaunawa a kan wannan, domin sun gane cewa jerin darussan da suke koyarwa, daga tsarin bayanai zuwa harsunan rubuta manhaja, wasu mutane ne suka zauna a kwamiti suka yi muhawara kafin ya tsaya a haka. Ƙa'idojin ɗa'ar sana'a na ƙungiyar, waɗanda ta tsara a 1992 ta kuma sabunta a 2018, mun karanta wasu sassansu mun fassara su a baki, musamman batun riƙe amanar bayanan mutane.

Ni dai abin da ya fi taɓa ni shi ne makomar takardun. Wasiƙun Berkeley da kundayen ACM suna nan a adane a Cibiyar Charles Babbage da ke Jami'ar Minesota, inda mai bincike zai je ya karanta abin da aka tattauna fiye da shekaru saba'in da suka wuce. Wannan ne ya sa muke iya faɗin ranar da aka kafa tasu, ba mu iya faɗin tamu.

Ƙungiyar Birtaniya, BCS, mun wuce ta da sauri. An kafa ta a 1957, shugabanta na farko Maurice Wilkes, wanda ya jagoranci ƙera kwamfutar EDSAC a Kambirij, sannan ta samu takardar amincewar masarauta a 1984. Haka kuma IFIP, wadda ke haɗa ƙungiyoyin ƙasashe a inuwa guda, an kafa ta a 1960 ƙarƙashin kulawar UNESCO, bayan babban taron da aka yi a Faris a 1959.

Da muka dawo gida ne zaman ya ɗauki zafi. A 1978 aka kafa ƙungiyar kwamfuta ta Najeriya da aka sani da COAN, a zamanin da kwamfuta sai a jami'a, banki, kamfanin mai ko babbar ma'aikatar gwamnati. Ɗaya daga cikin iyayenmu, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ba mu labarin yadda suke rubuta manhaja a takarda, a huhhuda ta a katuna, a kai ɗakin na'ura, a dawo washegari a karɓi sakamako, wani lokaci a tarar waƙafi ɗaya ne ya ɓata aikin. Matasa sun yi tsit suna saurare, kuma mun naɗi muryarsa da izininsa. Doka mai lamba 49 ta 1993 ce ta kafa majalisar yi wa ƙwararru rajista, wato CPN. A 2001 aka kafa hukumar NITDA, shekarar da wayar salula ta GSM ta shigo ƙasar nan, a 2002 kuma COAN ta haɗe da wasu ƙungiyoyi ta zama NCS. Da yawa daga cikinmu ba su bambance waɗannan ba sai bana: NCS ƙungiya ce da mutum ke shiga don son kansa, CPN majalisa ce da doka ta ba ikon rajista da sa ido kan sana'ar, NITDA kuwa hukumar gwamnati ce mai tsara manufofin fasahar sadarwa.

Wannan bayani ya buɗe tsohuwar muhawarar da ke tsakaninmu, kuma ba zan ɓoye ta a rahoto ba. Masu takardar digiri suna ganin ya kamata ƙungiya ta matsa wa kowa ya nemi rajista. 'Yan uwanmu da suka koyi aiki a hannun maigida a kasuwa suna cewa ana son a mai da su 'yan kallo a gidan da suka taimaka aka gina. Ra'ayina, kuma na faɗa a gaban kwamiti, shi ne waɗanda suka kafa ACM babu ko ɗaya da ke da digirin kwamfuta, domin babu shi a duniya a lokacin. Aiki ne ya tara su. Rajista tana da amfani, tana kare mai kawo aiki daga wanda bai san abin da yake yi ba, amma aikin ƙungiya shi ne ta riƙe hannun mai gyara har ya kai matakin, ta hanyar darussa da jarrabawar ƙwarewa. Ba a kai ga matsaya ba. An miƙa batun ga ƙaramin kwamiti da ya ƙunshi ɓangarorin biyu.

Game da tattara tarihinmu, an samu ci gaba, an kuma samu asara. Mun ziyarci iyayen ƙungiya gida-gida, mun ɗauki hoton tsofaffin katunan zama ɗan ƙungiya, rasitai, takardun gayyata da hotunan taro. Uwargidan wani marigayin shugabanmu ta fito mana da jaka cike da wasiƙu, Allah ya saka mata da alheri, ya jiƙansa da rahama. Asarar kuwa ita ce akwatin kundayen da muka bari a ginin da muke haya a da. Da muka koma nema, aka ce an share ɗakin ajiyar an ƙona abin da ke ciki, ba tare da an sanar da mu ba. Laifin bai tsaya kan masu ginin kaɗai ba, domin mu ma mun yi shekaru ba mu waiwayi akwatin ba. Akwai kuma tsofaffin faya-fayan ajiya da muka samu waɗanda har yanzu muna neman na'urar da za ta karanta su. Duk abin da ya shigo hannu yanzu ana ajiye shi kwafi uku: na takarda a ofis, na faifai a hannun Shugaba, da na intanet.

Sauran ayyukan sun gudana kamar yadda aka saba. An ci gaba da darasin ƙarshen mako ga 'yan sakandare, kuma bana 'yan mata sun fi bara yawa, abin da muke gode wa malamansu mata a kai. An yi zama ɗaya kan dokar kare bayanan jama'a ta 2023, saboda masu shagunan da ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa su san cewa hoton mutum da lambar shaidarsa amana ce a hannunsu. An kuma nuna wa masu buga takardu yadda ake saka ɓ, ɗ da ƙ a kwamfuta da waya, domin mun gaji da ganin katin biki da ƙugiyoyin haruffa suka ɓace. Ziyarar makarantun karkara da muka yi alkawari ba ta yiwu ba saboda tsadar mai da yanayin hanya, an ɗage ta zuwa baɗi.

Muna roƙon duk wanda ke da wata takarda, hoto ko ko da rasitin kuɗin wata daga shekarun farko, ya kawo ofishin sakatare kafin babban taro. Za a ɗauki hotonta a gabansa a mayar masa nan take. Musamman muna neman wanda ya halarci zaman farko, ko wanda mahaifinsa ya halarta, domin har yanzu shafin farko na kundin yana jiran kwanan wata da sunayen waɗanda suka zauna a ranar.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya, a madadin Kwamitin Zartarwa