Mutumina, maganar naman nan da ka turo min

Assalamu alaikum mutumina, ya sanyin Faransa, ya madam da yara? Nan Damagaram lafiya lau, zafi ne dai ya sa mu gaba, kuran, wato lantarki, kuma ka san halinsa. Na ga bidiyon da ka turo min a WhatsApp na baturiyar nan mai cewa kowa ya bar cin nama, na yi dariya don ba ka san abokinka ya riga ta ba, sai dai ni lokotoro ne ya kore ni.

Bayan sallar layya ne, ka san yadda muke yi, kwana da kwanaki soyayyen nama safe da dare, ga tsiren jikka guda da nake ci a fada kusan kullum kafin in shiga gida, sai kai ya dinga sara min ta ƙeya, na je aka auna tansiyo, wato awon hawan jini, aka ce 16 da 10. Lokotoron ya ba ni magani, ya ce in rage gishiri da kitse da jan nama, kuma gishirin yini gaba ɗaya kar ya kai giram 5, wato ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Wallahi da na faɗa wa uwargida sai ta ce to ai sai in dinga dafa nawa.

Yanzu wata biyar kenan nama sau biyu a sati, sauran kwanakin dambun zogale, shinkafa da wake, ɗan wake, kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, wani lokacin awara. Makon farko cikina ya yi ta ƙugi kamar hadarin Agusta saboda wake, yara suna ta dariya, sai da tsohuwa ta ce a jiƙa shi tun dare a zubar da ruwan. Ita ce ma ta dawo mana da daddawar batso a miya, wadda da muke raina ta muna cewa warin ƙauye. Tansiyon ya sauka, ban sani ba ko maganin ne ko cimar, ina jin duka biyun ne, amma tumbin nan da kake min tsiya da shi ya ragu har sai da na ƙara huji a bel.

Abin da ya fi ba ni haushi kilishi. A 2015 hukumar lafiya ta duniya ta sa naman da aka sarrafa cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji, kuma ba sosis ɗinku kaɗai ba, har busasshen nama mai gishiri suka lissafa. Sai na ce shi kenan an taɓo mu.

To amma ga inda na rabu da baturiyarka. Gaskiya ne saniya in tana tuƙa tana gyatsar wata iska mai suna metan da ke ɗumama duniya, kuma a 2013 FAO, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce kiwo ke da kashi 14.5 cikin ɗari na iskar ɗumama duniya da ɗan Adam ke jawowa. Amma je ka duba inda abin yake, a Barazil ana sare dajin Amazon don a yi wa shanu makiyaya, ana noma waken suya tuli ana loda wa jiragen ruwa don ciyar da dabbobin Turai da Sin. Bafulatanin da ke kora shanunsa ta wajen Tanut, ciyawar da ba mai iya ci suke mayarwa nono, bayan girbi kuma su sauka gonar manomi su ci kara su bar masa taki. Ka tuna gonar baba ta hanyar Mirya, hatsi da wake a haɗe ƙarƙashin gawo, waken ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, mu ci ƙwayar, tumaki su ci harawa da 'ya'yan gawo. Ta ina za ka cire dabba a nan?

Kuma wa za ka ce wa ya rage nama a ƙauyukan Magarya ko Matamai? Yaron da sai ranar suna ko salla yake ganin tsoka, mai ciki da jininta ya yi ƙasa, su ƙari suke buƙata, ƙwai da nono da ɗan hanta, don akwai bitamin B12 da ba a samu a ganye ko wake. Mu 'yan albashi masu zaman fada ne maganar ta kama. Lokotoron ma ya ce in matsa lemun tsami a kan wake don jiki ya fi jan sinadarin ƙara jini, in kuma daina bin abinci da shayi nan take, to wannan ta ƙarshen ce har yau ta gagare ni, ka san mu da zagaye uku.

Idan ka tashi zuwa ka taho min da na'urar auna tansiyo irin ta ɗamtse, ni kuma zan sa a shanya maka zogale a inuwa, kilishin ma zan saya maka a kasuwar Dole, kai ka san yadda za ka yi da likitanka. Ka gaida madam, tsohuwa na gaishe ka tana cewa ka manta da ita.

Naka na kullum.