Wasiƙa zuwa Kumasi: Macijin da Ke Leƙa Cikin Inji

Kano, daren Laraba

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya ruwan Kumasi? Mu nan damina ta yi sallama, sanyi bai sauko ba tukuna, sai zafin kaka da sauro. Hajiya tana gaishe ka, ta ce goron da ka yi mata alkawari tun ƙaramar Sallah, ko a bayan kunkuru aka ɗoro shi ya ci a ce ya iso.

Na ji saƙonka cewa za ka sayi mota ta hannu, kana kuma tsoron kada a sayar maka da kura da fatar akuya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, don labarin ya fi ƙarfin saƙon murya.

Watanni uku da suka wuce na sayi wani ɗan abu a kasuwar waya ta Farm Centre. Yara sun sa masa suna maciji, sunan kuwa ya bi shi. Baƙar waya ce mai tsawon mita 2, tana da ɗan tauri, yadda ka lanƙwasa ta haka za ta tsaya. A bakinta akwai kyamara mai kaurin milimita 5.5, ko fensir ya fi ta kauri, da ƙananan fitilu 6 kewaye da ita. Ɗaya bakin kuma a wayar hannu ake cusa shi, duk abin da kan macijin ya gani sai ya fito maka a fuskar waya. Kuɗinsa bai kai na cika tankin mota ba. Irin aikin da likitoci ke yi ne in za su duba cikin mai gyambon ciki. Har na karanta cewa likitan da ya fara haɗa irin wannan na'ura mai lanƙwasuwa a Jami'ar Michigan ta Amurka, Basil Hirschowitz, shi ya fara haɗiye abinsa a 1957 kafin ya gwada a kan majinyaci. Tasa da zaren gilashi aka yi ta, tamu ta talakawa kuwa kyamara ce kawai aka maƙala a kai.

Ka san tsohuwar motata. Ruwan lagireto ya dinga raguwa ba tare da na ga ɗigo a ƙasa ba, da safe inji ya yi ta kakkarwa, salansa na fitar da farin hayaƙi. Makaniken farko ko bonet bai gama ɗagawa ba ya ce ringi ne, sai an sauke inji gaba ɗaya. Da ya faɗi kuɗin, sai da na nemi benci na zauna. Washegari na kai ta wurin wani dattijo da ke da gareji ta wajen Ƙofar Ruwa, na fito da macijina ina jin kunya, don na zaci zai ce kayan wasan yara ne. Sai ya karɓa ya jujjuya, ya ce mu bar inji ya huce tukuna, zafi na lalata irin wannan kyamara. Muka sha shayi har kusan azahar.

Yaronsa ya kwance filogi huɗun. Ramin filogin motata milimita 14 ne, don haka kan macijin ya shige ba gardama. Baba ya sa na cire makulli na jefa a aljihu, ya ce in wani ya murza shi da abin nan a ciki, fistin zai tauna shi kamar ƙuli-ƙuli. Silinda ta farko, kan fistin baƙi ƙirin da gawayi. Ta biyu haka, ta huɗu haka. Da muka leƙa ta uku sai ga fistin fes, yana ƙyalli kamar sabuwar tasa. Na ce, "Alhamdulillahi Baba, ko ba komai guda ɗaya na da lafiya."

Wallahi dattijon nan ya yi dariya har sai da ya cire hula. Ya ce, "Malam, ai ita ce majinyaciyar. Baƙin nan da ka tsorata da shi, kowane injin da ya yi shekaru yana aiki haka yake. Wannan kuwa wanke ta ake yi." Ashe gasket ne, wato faifan da ke toshe tsakanin kan inji da jikinsa, ya ci ta gefen, ruwa na tsiyaya cikin silindar, in wuta ta kama sai ya zama tururi ya wanke gawayin tas. Ga inda ruwana ke tafiya, ga kuma asalin farin hayaƙin. Sannan ya karɓi wayar ya juya kan macijin ga bangon silinda, ya nuna min wasu siraran layuka da suka gitta juna kamar saƙar tabarma. Ya ce tun daga kamfani ake yin su don su riƙe baƙin mai, muddin suna nan bango bai cinye ba. Abin tsoro shi ne karce mai zurfi daga sama zuwa ƙasa, mu kuwa ba mu ga ko ɗaya ba. Kan injin kawai aka cire, aka kai aka daidaita fuskarsa, aka sa sabon gasket. Kwana biyu mota ta hau titi.

Ni na sayi abin, ni na riƙe shi, da idona na ga hoton, amma da ni kaɗai ne da na karanta shi a juye. Don haka in za ka je duba motar, kada ka tafi daga kai sai maciji. Ga Suame Magazine nan a bakin ƙofarka, inda makanikai suka fi ƙarfin ƙirga. Ka ɗauki wanda ka yarda da shi, wanda ba shi da kaso a cinikin. Kuma Baba ya ja min kunne cewa abin ba ya ganin komai: ringi a ɓoye suke a jikin fistin, abin da ke can ƙasan inji ma ba ka kai gare shi ta ramin filogi, sai an haɗa da awon matsin silinda. Mai motar da ya ƙi a kwance filogi ɗaya kuwa, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba.

In za ka saya, ka gwada shi a wayarka tun a shago, don ba kowace Android ke ɗaukarsa ba, sai mai OTG, wato wadda ke karɓar na'urar da aka cusa mata ta ramin caji. Akwai mai allonsa na kansa, ya fi tsada amma ba ya jan rigima. Kada doguwar waya ta ruɗe ka. Mai mita 10 sai ta naɗe a cikin bututu ka rasa gabanta, mita 2 ta ishe ka aikin mota. Hoto ba ya fitowa sosai sai kan ya matso kamar tsawon yatsa daga abin da kake kallo, kuma kana murza wayar sama ta koma ƙasa, har ka rasa gabas. Ni farin salatif na liƙa a gefe guda don in gane saman. Yana zuwa da ɗan madubi da ƙugiya da maganaɗisu da ake sawa a kai. Madubin nan ka ɗaure shi da kyau. Nawa ya taɓa suɓucewa a bakin ramin filogi, Allah ya sa bai faɗa ciki ba, amma ranar na yi gumi.

A gida kuwa abin ya zama sana'a. Silin ɗin ɗakin yara ya yi tabon ruwa tun watan Agusta, kafinta ya ce a ɓalle rabinsa a gani. Na kashe wuta daga mita, na cire ƙwan fitila na zura maciji ta ramin wayarsa. Kwano lafiyarsa lau, sai ƙusa ɗaya da ta saki, hasken rana na shigowa ta gefenta kamar tauraro. Amma can kusurwa na hango hanyar gara a jikin katako, ta yi nisa, ba wanda ya sani. Ita muka fi kashe wa kuɗi.

Babbar nasarata dai ɗan kunnen Maman yara ne da ya faɗa ramin wurin wanke hannu. Na sa maganaɗisu na yi ta fama a banza, ita ce ta tuna min cewa zinariya ba ta bin maganaɗisu, kuma in ta bi to a kasuwa aka cuce ni. Da ƙugiya na zaro shi daga gwiwar bututun, haɗe da gashin da ba zan kwatanta maka ba. Tun daga ranar maƙwabta suka gano ni. Jiya ma wani ya zo neman zoben matarsa a kwata.

In ba ka samu mai kyau a can ba, ka faɗa min in ba direbobin goro su taho maka da shi, sai su komo da na Hajiya. Ka turo min hoton motar kafin ka biya ko sisi. A shafa min kan yara, a gaida mutanen Zango.

Naka har kullum,
Amininka na Kano