Ƙyallayen da teloli ke zubarwa a kwata ba shara ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, ko Allah zai sa ya isa kunnen teloli da malaman makarantu da iyaye mata 'yan uwana a nan cikin Kano.

Kwana uku bayan ƙaramar Sallah na fito zan je barka, ina tafe a layinmu sai ga hayaƙi baƙi ƙirin yana tashi a bayan shagon wani tela, wari kamar ana ƙona taya. Na leƙa, ashe yaran shagon ne suka tara ragowar ƙyallayen ɗinkin Sallah suka cinna musu wuta, buhu biyu cur, har da guntayen shadda masu ƙyalli da atamfa Holland wadda mai ita sai da ta yi adashe kafin ta saya. Wanda wutar ba ta ci ba kuma suka tura shi kwata. Wallahi sai da na tsaya na ce musu ku bari, ku zuba min sauran a leda. Yaron ya dube ni sama da ƙasa yace Hajiya me za ki yi da tsumma? Nace bargo zan yi, da hunturu ka zo ka gani. Dariya suka yi, ni ma na yi, amma na tafi da ledata.

Ni ba tela ba ce, malamar firamare ce da ta yi ritaya. Keken da nake da shi Butterfly ne na ƙafa wanda aka saka min a kayan ɗaki, har yau yana aiki, mai kawai nake ɗiga masa in canja bel in ya tsinke, kuma ba ruwansa da NEPA, a kawo wuta ko a ɗauke duk ɗaya. Gun mahaifiyata na koya, Allah ya jiƙanta. Ita nata Singer ne na hannu, irin wanda ake juyawa, kuma tana da wani gwangwanin alewa da take tara maɓalli da zif na tsofaffin kaya a ciki. Riga ba ta mutuwa a gidanmu gaba ɗaya. In ta tsufa a cire maɓallan, a yanke inda yake da sauran ƙarfi, abin da ya rage shi ne tsumman goge-goge. A lokacin mun ɗauka tsabar maƙo ne irin na tsofaffi.

Bari in yi bayanin yadda nake haɗa bargon, don mata da yawa in sun gani a ɗakina sai su ce ai wannan sai mai haƙuri, alhali ba wani abin wahala ba ne in an san kansa. Farko dai a wanke ƙyallayen, kowane launi daban, a shanya a goge. Wannan shi ne matakin da kowa ke son tsallakewa kuma ni na sha a kansa. Bargona na farko ban wanke ba, na haɗa wata jar atamfa mai arha da farin yadi, na yi wata biyu ina fama da shi, ranar da na tsoma shi a ruwa jar nan ta zuba, farin duk ya koma kamar an jiƙa shi da zoɓo. Na zauna bakin rijiya kamar in yi kuka. Bayan zuba kuma akwai yadin da yake tsukewa in ya sha ruwa, to in ba a wanke shi tun farko ba sai ɗinkin ya tattare daga baya.

Sai a samu kwali, ni kwalin taliya nake yankawa, murabba'i inci shida da rabi kowane gefe. Rabin incin nan na ɗinki ne, in an haɗa sai ya dawo inci shida daidai. A ɗora kwalin a kan ƙyalle a zana da alli ko guntun sabulun da ya sirance, a yanka. Gado mai ƙafa shida da shida inci 72 ke nan, to in kana so bargon ya ɗan zubo gefe sai ka yi layi 14, kowane layi guda 14, jimla 196. Ka ji adadin kamar da yawa, amma in kana yanka goma sha biyar kullum bayan la'asar sati biyu ka gama. Kada a haɗa yadi mai talewa kamar roba da atamfa, ba sa shiri, ɗaya na ja ɗaya na tsaye. Atamfa da atamfa, shadda da shadda. Leshi kuwa ni ban ma ɗaukarsa, ƙaiƙayi gare shi a jiki.

Inda nake jin daɗin aikin shi ne wajen jerawa. In share tsakar ɗaki in shimfiɗa tabarma in baza su ina matsar da wannan ina dawo da wancan, mai duhu kusa da mai haske, kada ja ya taru wuri guda. Jikokina su zo su tsaya a kaina suna nunawa, wannan ankon bikin Anti ne, wannan rigar Sallar Yaya ce ta bara. Akwai guntun zanin mahaifiyata guda huɗu a bargon da nake rufa da shi yanzu, na san inda kowanne yake ko a duhu. Bayan an haɗa saman sai a samo tsohon bargo mara nauyi ko zannuwa biyu da suka yi laushi a sa a tsakiya, a sa yadi guda a ƙasa, ya zama hawa uku. A kama su da manyan ɗinki na wucin gadi tukuna, sannan a fara bi da allura daga tsakiya ana fita waje, in ka fara daga gefe sai ka iso tsakiya ka tarar ya yi tumbi. A ƙarshe a kalmashe bakin.

Wata 'yata ta nuna min a YouTube wai matan Bangaladash da gabashin Indiya haka suke yi da tsofaffin zannuwansu, suna kiran irin wannan bargo "kantha", kuma a Amurka akwai wani ƙauye a jihar Alabama da matan baƙaƙen fata suka yi suna da irin wannan bargo na tsofaffin kaya har ana rataye shi a gidajen tarihi ana biyan kuɗi a kalla. Nace to ikon Allah, mu ga shi muna da Kantin Kwari, kasuwar yadin da ake zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru, ga teloli a kowane lungu daga Fagge zuwa Ɗorayi, amma ragowar sai wuta. Garin da tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ake cinikin tufafi a Kasuwar Kurmi, garin da ke da karofin Ƙofar Mata, ga baƙin rini na Kura da Buzaye ke naɗawa a ka. Masaƙun da muke da su a Bompai da Sharaɗa da Challawa yawanci sun rufe, yadin da muke sawa mafi yawa daga Sin yake zuwa da tsadarsa, kuma mu ɗauki wani kaso daga cikinsa mu ƙone. Yadin yanzu ma da yawa akwai roba a ciki, shi ya sa hayaƙin yake wari haka yake shaƙe yara, wanda aka zuba a kwata kuma ba ruɓewa yake ba, ya haɗu da ledar fiya wata ya toshe hanyar ruwa, damina ta zo mu kwana kwalfa. Wanda ya ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022 ya san toshewar magudana ba abin wasa ba ce a garin nan.

To shi bargo aikin gida ne, ba ya tafiya. In zan yi tafiya kwarashi nake ɗauka da dunƙulen ulu guda biyu a jaka. Ina da 'ya a Kaduna da nake zuwa dubawa, in na shiga mota a Unguwa Uku kafin ma ta cika na gama safar jariri ƙafa ɗaya, ka san zaman jiran fasinja. Allura ba ta yi a mota, na gwada, muka faɗa wani rami bayan Kwanar Ɗangora ta shige min yatsa har jini ya ɓata farin ƙyallen. Kwarashi kuwa bakinsa a lanƙwashe yake ba ya suka, kuma madauki ɗaya ne rak a kansa, ko direba ya taka birki ba abin da zai warware sosai. Dabara ɗaya, a sa ulun a cikin leda a ɗaure bakin a bar 'yar kafa zaren na fitowa, in ba haka ba zai gangara ƙarƙashin kujera ya kwaso ƙura da ɓawon gyaɗa, ya taɓa naɗe ƙafar wani bawan Allah sai da muka tsaya sallah a Zariya aka warware shi.

A wannan tafiyar ne wani saurayi a kujerar baya yace Mama har yanzu ana wannan abin, ai ga su nan a gwanjo da arha. Kafin in ba shi amsa wani dattijo da ke gaba ya juyo yace yaro hular da ke kanka wa ya ɗinka ta? Da hannu aka yi ta, wata tana can cikin gida ta yi makonni tana tsira allura. Sai hira ta ɓarke, dattijon ashe a cikin gari ya tashi, yana ba mu labarin yadda maza ke zama a ƙofar gida da babbar riga a cinya suna aikin aska takwas, wata da watanni kafin a gama guda. Har muka shiga Kaduna ba wanda ya taɓa waya. Ni kuma na sauka da hular jariri da safa cikakku, na kai wa mai jego da ke maƙwabtaka da 'yata.

Masu tafiya ta jirgi, musamman Umara da Hajji, kada a sa almakashi a jakar hannu. Nawa ƙarami mai kyau da na gada, a wajen binciken kaya aka karɓe shi, kuma laifina ne ban sa shi a babbar jaka ba. Yanzu kwarashin roba nake ɗauka da abin yanke farce, shi ke yanke min zaren. Zaman jiran jirgi, layin asibiti, zaman jinya da dare, duk a nan na saƙa yawancin kayan barkan da na kai wa mutane, rabon da in sayi shawul na jariri a kasuwa na manta.

Abin da ya fi damuna dai shi ne yaranmu. Mu a makaranta an koya mana riƙe allura, kowace yarinya sai ta yi ɗan ƙyallenta na gwaji da kalmasa da ramin maɓalli ta kai an duba an ba ta maki. Yanzu darasin yana nan a takarda, a rubuta a allo a haddace a yi jarrabawa, ba a taɓa allura ba. Kwanaki wata amarya a dangi maɓallin rigar mijinta ya cire, sai ta ba almajiri ya tsaya bakin titi yana jiran mai ɗinkin nan da ke yawo da keke a kafaɗa yana kaɗa almakashi. Ban ce kada a ba su aiki ba, su ma abincinsu suke nema, amma maɓalli fa! Kuma ba 'yan mata kaɗai ba, ɗana da ya yi makarantar kwana shi yake yi wa wandonsa faci, bai rage shi da komai ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san yadda kaya suka yi, uwar da ta iya sake wuyan riga ko ta ƙara wa siket tsawo ta tsira da kuɗin ɗinki ɗaya.

Roƙona ga ƙungiyoyin teloli na unguwanni, a ajiye buhu ɗaya a kowane shago, ƙyallen da ya kai tafin hannu a jefa ciki, mata su zo su ɗauka ko a sayar musu da ɗan abin da ba zai gagara ba. Ƙananan da ba sa ɗinkuwa ma suna cika matashin kai da filon kujera. Hukumar kwashe shara ta REMASAB da masu unguwanni su sa baki a daina ƙonawa a cikin layi, ko a ranar tsaftar ƙarshen wata a riƙa tunatarwa. Islamiyyun matan aure kuma, da yake nan ne mata suka fi taruwa, me zai hana a ware awa ɗaya a sati a ce wadda ta iya ta koya wa wadda ba ta iya ba? Ba a buƙatar keke ma a farko, allura da zare da almakashi ɗaya sun isa mutum biyar. Mu a tamu mun fara, mu tara ne, har wata bazawara a cikinmu ta sayar da zanin gado biyu na haɗi ga wata mai shirin kayan ɗakin 'yarta, kodayake ta karya kuɗin sosai don ba ta lissafa wahalarta ba, na yi mata faɗa a kan haka.

Telan layinmu yanzu ya daina ƙonawa, duk Juma'a yaron nan da ya yi min dariya shi ke kawo min leda har gida. Na riga na yanka guda 120 daga ciki, saura 76, kuma na yi masa alkawarin ƙaramin bargo nasa kafin sanyi ya shigo, don a shagon yake kwana.

Na gode da ba ni fili. Wassalam.

Taku,
Tsohuwar malamar makaranta,
Gwammaja, Kano.