Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

An yi tarukan wata-wata yadda aka saba, ban da na watan azumi.

Bari mu fara da kuɗin ƙungiya. Waɗanda suka biya nasu cif ba su kai rabi ba. Ma'aji ya yi ta tura saƙo har ya gaji, ana karantawa ana shiru, amma masu shirun su ne kan gaba wajen tambayar me ya sa ba mu ɗaukaka ƙara ko ɗaya ba bana kan sulhun ƙarar rukuni, wato ƙarar da wasu ke shigarwa a madadin jama'a da yawa da abu ɗaya ya shafa. To ga amsa. Shigar da takardar ɗaukaka ƙara a kotun tarayya ta Amurka dala 605 ne tun Disambar 2023, ban da kuɗin kwafin bayanan zaman kotu, kuma alƙali na iya cewa a ajiye kuɗin jingina. Asusunmu bai kai nan ba. Shari'a ɗaya tilo da muka so bi kuwa, sai da wa'adin ƙorafi kan sulhun ya wuce aka kawo wa kwamiti takardar sanarwar sulhun. Hukuncin Kotun Ƙoli na 2002 a shari'ar Devlin ya ba ɗan rukuni damar ɗaukaka ƙara ne idan ya yi ƙorafi a kan lokaci. Wanda ya makara, ƙofa ta rufe, kuma wannan ba laifin kwamiti ba ne.

Abin da ya faranta mana rai shi ne bitar yini ɗaya kan ladan lauyoyi a sulhun ƙarar rukuni. Ɗaki ya cika har aka aro kujeru. An bi hanyoyi biyu da alƙalai ke yanke lada: ko kaso daga kuɗin sulhun, inda kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta tara ke ɗaukar kashi 25 cikin ɗari a matsayin ma'auni, ko awannin aiki a ninka da farashin awa. Sai aka ɗauko shari'ar kamfanin waya na T-Mobile: sulhun dala miliyan 350, lauyoyi aka ba su miliyan 78.75. A kaso, 22.5 ne kacal, ka ce ba komai. Da aka auna da awannin da suka yi, sai ga ladan ya kusa ninki goma na kuɗin awannin, kuma a Yulin 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta takwas ta soke shi. Na kamfanin kiɗa na Rhapsody a 2023 ya fi ban mamaki: 'yan rukuni sun karɓi abin da bai kai dala dubu 53 ba, lauyoyi an yanke musu kusan miliyan 1.7, shi ma aka rushe shi.

Da rana kowa ya ɗauki biro ya rubuta ƙorafin gwaji. Doka ta 23, wadda ta tsara ƙarar rukuni a kotunan tarayya, ta ce sai ka bayyana dalilinka dalla-dalla, ka kuma faɗi ko ƙorafin na kanka ne, ko na wani ɓangare, ko na rukunin duka. "Kuɗin ya yi yawa" ba dalili ba ne, kuma nan yawanci suka faɗi. An nuna sharuɗɗa biyu da za a fara nema a takardar sulhu: alkawarin kamfani cewa ba zai ƙalubalanci ladan ba, da sharaɗin cewa abin da alƙali ya rage ya koma aljihun kamfani maimakon na 'yan rukuni. Bayan hukunci, kwana 30 ne wa'adin ɗaukaka ƙara. An kuma ja kunne: tun gyaran da aka yi wa dokar a 2018, karɓar kuɗi don janye ƙorafi sai da amincewar kotu. Allah ya saka wa matan da suka kawo abinci daga aljihunsu.

Jagoran Hausa na karanta takardar sanarwa da muka yi alkawari bara bai kammala ba. Babin farko na nan a rubuce, sauran sun maƙale saboda mutum biyu ne ke aikin bayan sun tashi daga nasu aikin, waɗanda suka ɗaga hannu ranar rabon aiki kuma ko ƙeyarsu ba mu sake gani ba.

Duk wanda sanarwar sulhu ta shigo masa, ta akwatin gidan waya ko ta imel, ya ɗauki hotonta ya turo a ranar. Masu bashi su ga ma'aji kafin taron Janairu, domin a ranar za a karanta sunaye.

Sakatare